Kazar da Ta Zaɓa Mana Gari

Autarmu tana da shekara uku wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita. Ya bar mana ita da ranta, amma ya tafi da jinta. Tun daga nan ko ganga aka buga a bayanta ba ta waiwayawa. A lokacin muna haya a Unguwar Gabas, cikin Sabon Gari, a irin gidan nan mai ɗakuna a jere, ƙofarmu tana kallon titi. Daga bakin ƙofar zuwa tayar babur taku kaɗan ne. 'Yan acaɓa da masu keke suna wucewa kamar an biyo su, kuma iyakar abin da suka sani shi ne su danna hon, wanda ya ji ya kauce.

Wata rana, tana da shekara shida, na aiki yayanta ya sayo mini manja. Ban ankara ba ashe ta ɗauki nata ɗan kwanon ta bi bayansa. Sai ihu na ji. Na fito ba ko takalmi na tarar da ita a cikin kwata, gwiwarta tana jini, kwanon yana hannunta ba ta sake shi ba. Mai babur ɗin da ya goge ta yana tsaye yana ta masifa.

"Tun daga can nake danna mata hon! Ita kurma ce da ba ta ji?"

"E, kurma ce!" na ce, na cakumi wuyan rigarsa. Ni dama ba a san ni da sanyin hali ba. Sai da maƙwabciyata mai sayar da atamfa ta zo ta ɓamɓare hannuna, tana ba ni haƙuri da 'yar Hausarta tana kuka ita ma.

Daga ranar na sa wa ƙofa sakata. Yarinya ta koma zaman taga. A gidajenmu kuwa aike shi ne ke nuna yaro ya zama mutum, kuma ita ta san haka ba sai an gaya mata ba. Duk lokacin da na miƙa wa yayyenta kwano, sai ta ɗauko nata ta tsaya a gabana tana nuna ƙirjinta. Ni kuma in girgiza kai. Ba ta yin kuka mai ƙara, hawaye ne kawai suke zuba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Na tsani kaina a kwanakin nan, na tsani titin, har masu babur da ba su yi mini komai ba na tsana.

Maigidana malamin makaranta ne, a Samaru yake koyarwa. Da na ce masa tashi za mu yi bai yi gardama ba, shi ma abin yana damunsa. Sai ya shiga yawo da dillalin gidaje duk ranar Asabar. Ya dawo yana ba ni labarin rijiya da wutar lantarki da nisan coci da makarantar yara. Ina sauraronsa ina gyaɗa kai, amma ni tambayata ɗaya ce, kuma dillali ba shi da amsarta: a ina zan iya aiken 'yata ta je ta dawo?

Nan na tuna da kakata. A ƙauyenmu, can kudancin Kaduna, idan mutum zai kafa sabon gida sai ya kai kaza filin ya bar ta. In ya dawo ya same ta da rai tana kiwo, sai a ce wurin ya karɓe shi. Da na faɗa wa maigidana sai ya zare tabarau ya dube ni.

"Maman yara, ke da kike gaba-gaba a zumuntar mata? Bari Fasto ya ji."

"Baban yara, ni ba ƙasa zan tambaya ba, mutane zan tambaya. Kaza ba ta san titi ba, ba ta san gonar wani ba, ba ta da mai tsaya mata. Unguwar da ta bar kaza ta yi yawo ta dawo, ita ce za ta bar mini 'yata."

Ya ce to, da irin "to" ɗin nan da maza ke yi idan sun ga gardama ba za ta kai su ko'ina ba.

Ina da 'yan kajina a bayan ɗaki. Na kama ɗaya, na ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafa don a san tana da mai ita, muka kai ta gidan farko da ya yi masa, a Samaru bayan kasuwa. Gida ne mai kyau, har da famfo a tsakar gida. Na zuba mata dawa da ruwa, na roƙi mai gadi ya bar ƙofa yadda ya saba barinta. Da muka koma, ƙyallen kawai ya miƙo mini. Ya ce mota ce, tun washegari. Maigidana ya juya baya yana duba bango, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Gida na biyu yana kusa da inda ɗalibai ke haya. Wannan karon ko ƙyallen ban samu ba. Samarin dai sun fito sun gaishe ni da ladabin da ya wuce misali, har da rusunawa, ɗayansu yana sakace. Ban ga komai da idona ba, don haka ban ce komai ba. A hanyar komawa maigidana ya kasa daurewa.

"A haka fa sai kin ciyar da Samaru kaf kafin mu samu gida."

Na yi masa banza har muka isa. Amma fa kaza ɗaya ta rage mini, wata baƙa mai tsigaggen wuya da ko baƙo ba na iya yanka wa.

Ita muka kai wani ɗan gari gaba da Shika, wanda sai ka bar babban titi ka bi hanyar ƙasa tsakanin gonakin masara. Wani abokin aikin maigidana ne ya ce akwai gidan ƙaninsa da babu kowa. Maigidana bai so ba. Ya ce da nisa zuwa wurin aiki, wuta sai ta ga dama, cocin da ke kusa ɗan ƙarami ne, kuma kusan duk garin Musulmi ne, ba mu san yadda za su ɗauke mu ba. Ba zan ɓoye ba, ni ma wannan na ƙarshen ya tsaya mini a rai. Duk da haka na kwance ƙafar kazar na sake ta a tsakar gidan, muka tafi.

Damina ce, an yi ta ruwa a makon. Da muka koma muka tarar da gidan shiru, ba kaza ba alamarta. Maigidana bai yi dariya ba wannan karon, ya ce mini kawai mu tafi gida. Muna fitowa daga zaure sai wata dattijuwa a gidan da ke kallon namu ta ɗaga labulen buhu ta leƙo. Daga baya na san ƙuli-ƙuli take yi, kowa Hajiya yake ce mata.

"Ku ne masu baƙin kazan nan mai jan ƙyalle?"

Na ce mu ne.

"To ku shigo ku ji ƙararta. Wannan kaza naku ba ta da kunya ko kaɗan."

Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta fara. Kazata ta ci shanyar Liman. Ta shiga shagon mai kayan miya ta tona masa barkono. Ta kwanta tsakiyar hanya tana birgima a ƙasa, har sai da mai ɗaukar masara ya sauka daga babur ɗinsa ya kore ta da hula. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi yara suka kamo ta jiƙe sharkaf, ita kuma ta sa ta a akurkinta. Tana cikin magana sai ga mai laifin ta shigo tana taƙama, ta fi yadda na bar ta ƙiba. Hajiya ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo 'yar ƙwarya da ƙwai a ciki.

"Ga nata. Ba mu taɓa ba, tunda ba mu san mai ita ba."

Ni da na cakumi ƙato a tsakiyar Sabon Gari, sai ga ni ina kuka a gaban ƙwaryar ƙwai. Hajiya ta tsorata, ta ce ko an yi mini rasuwa ne. Na gaya mata komai, tun daga zazzaɓin har sakatar ƙofa. Na kuma gaya mata mu Kirista ne, don kada ta ji daga baya. Ta ce ai tun ranar da muka zo ta gane, wannan ba shi ne abin da ta tambaya ba.

"Ki kawo ta, 'yar nan. Nan duk wanda ke kan babur ɗan wani ne, kuma mun san uwarsa. Ki ɗaura mata ja a ka kamar na kazan, su hango ta daga nesa. Sauran ki bar mini."

Bayan an cire amfanin gona muka tare. Hajiya ba ta yi wasa ba. Ɗanta yana cikin 'yan acaɓan da ke tsayawa a gindin mangwaro, ta aike shi da saƙo, ta kuma bi gida-gida da bakinta. Ni ce ma na zama matsalar. Na saya wa yarinya jan ɗankwali, amma na kasa sakin hannunta. In za ta gidan Hajiya, da ke nan tsallaken hanya, sai na raka ta. Har Hajiya ta gaji ta ce mini, in riƙe ta zan yi ta yi, me ya sa na wahalar da kajina.

Wata ranar Asabar da hantsi na ɗora tukunya na ga babu daddawa. Yayyenta suna nan zaune. Na ɗauko kwanon, na wuce su, na tsaya a gabanta. A maganar hannun da muke yi a gida, toshe hanci shi ne daddawa. Na toshe hancina, na nuna hanyar shago. Ta waiwaya ta dubi yayanta, ta ɗauka kuskure na yi. Na sa yatsa a ƙirjinta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara ɗankwalinta da kanta, ta karɓi kwanon da hannu biyu.

Na laɓe a zaure ina leƙe, maigidana yana bayana yana cewa in bar leƙe, shi ma yana leƙen. Tana tafiya a tsakiyar hanya, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗauke da tulu. Sai ga babur ya ɓullo ta bayanta da buhunan masara. Na buɗe baki zan yi ihun da ba za ta ji ba. Mutumin bai danna hon ba. Ya rage gudu, ya sauke ƙafafunsa ƙasa, ya bi ta a baya sannu a hankali da duk nauyin nan, har ta karkata ta shiga shago. Da zai wuce ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga masa, kamar sun saba.

Ta dawo ta ɗora mini kwanon a tafin hannu. Ban gama goge idona ba sai na ga ta shiga ɗaki ta fito da wani kwanon, ta tsaya a gabana tana jira. Na aike ta gishiri, ga gishiri cike da gwangwani a ɗaki. Na aike ta ashana. Na aike ta gidan Hajiya ta kai ƙwan baƙar kaza. Da abin aike ya ƙare mini, na sake toshe hanci, ta sake tafiya.

A ranar nan daddawa ta yi wa miyarmu yawa, har maƙwabta sun ji ƙanshinta. Maigidana ya cinye nasa tuwon tas, ya miƙa wa autarmu kwanonsa, ya nuna mata tukunya ta ƙaro masa.