Yatsu Goma na Mai Ɗinkin Taru

Ban san ta ba, ko da yake a tsibirin nan aka yanke mini cibiya. Tana zaune kan akwatin kifi a tashar jiragen ruwa, cikin baƙaƙen kayan da matanmu ke sawa in miji ya rasu. Ta maƙale taru da babban yatsan ƙafa tana ɗinkewa. Rigar ta koɗe har ta koma ruwan toka. Ina jin mijin ya daɗe a ƙasa, tarun kuma na ɗanta ne, yana jiransa kafin la'asar.

Sai ga wani ɗan yawon buɗe ido daga ƙaton jirgin da ya iso da safe, rana ta gasa shi jajur. Ba gaisuwa, ba neman izini. Yana so ta daina motsi ya ɗauki hoto, sai ya ware mata yatsu biyar a fuska. A nan Girka kuwa wannan daƙuwa ce.

"Lefteri," ta kira mai sayar da gahawa, "wannan uwar wa yake zagi?"

"Haƙuri, Iya. Wai ki tsaya yake nufi."

"In na tsaya, shi zai ci da mu?"

Ta ajiye allura, ta ɗaga hannu biyu, ta watsa wa baƙon goma cif. Gogan naka kuwa sai murna, yana ta ɗauka.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Gobe za a rataye ta a bangon wani falo, a ce ga tsohuwar tsibiri tana yi wa baƙi maraba.