Sunan da Na Faɗa a Gaban Kwamiti

A cocinmu na Gangaren Tudu saurayi ba ya tare budurwa ya ce yana sonta. Haka muka taso muka tarar. In ya ga wadda ta kwanta masa a rai, wurin kwamitin aure zai je ya faɗi sunanta. Kwamiti su kira yarinyar, su ce wani ɗan'uwa ya zo a kanta, amma ba za su faɗi ko wane ne ba. Sai ta je ta yi addu'a, ta dawo ta faɗa musu sunan da Ubangiji ya sa mata a zuciya. In ya yi daidai da na wanda ya zo, an ga nufin Allah, sai a shiga maganar iyaye. In bai yi daidai ba an rufe magana, kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita. Ni dai tun ina cikin 'yan mawaƙa nake yi wa tsarin nan dariya, ina cewa caca ce aka sa mata rigar coci. Ban san tawa ranar tana tafe ba.

Lokacin ina da ɗan shagon ɗinki, ina zaune da mamata, babanmu ya riga ya rasu. Matar fastonmu, wadda kowa ke kira Mama Fasto, ita ta jefa ni cikin masu ziyarar asibiti. Wai bakin nan nawa da ba ya hutawa gara ya yi wa Allah aiki. Kowace Lahadi bayan sujada muna ɗaukar kunu da lemo mu zaga marasa lafiya.

A nan na san shi. Malamin firamare ne, ɗan ƙabilar Mada daga wajen Garaku, yana haya a unguwar Yara. Dogo, siriri, da wani farin wando da ya sha guga har ya gaji. Da farko haushi yake ba ni. Mu in muka kama addu'a sai nas ta leƙo, shi kuwa kafin ka gama rufe ido ya ce amin. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Malam, kai da Allah gaba kuke yi ne? Ko gaisuwar kirki ba ka yi masa."

Ya ce, "'Yar'uwa, marar lafiya in ya daɗe ido a rufe, tsoro yake ji."



Akwai wani tsoho da ciwon suga ya cinye wa ƙafa, ɗakinsa ba ya shiguwa don wari. Daga bakin ƙofa muke masa addu'a muna riƙe numfashi. Malam kuwa ya shiga ya zauna a gefen gadon, ya tallafo kan tsohon yana ba shi kunu a cokali. Tsohon Musulmi ne. Malam bai buɗe masa Littafi ba, sannu kawai yake masa, da Allah ya ba da lafiya, har kofin ya ƙare. Ranar na koma gida na ɗinka hannun rigar wata mata a baibai. Na san me ya same ni, kuma na ji tsoro, don mutumin nan bai taɓa kallona fiye da yadda yake kallon bokitin kunu ba.

Ana cikin haka, da damina, kwamiti ya kira ni. Wani ɗan'uwa ya zo, in je in yi addu'a.

Mamata har rawa ta taka a tsakar gida. Akwai wani ma'aikaci a cocinmu da ke sammako zuwa Abuja kullum, mai mota, mai fara'a, wanda ya daɗe yana rage mata hanya bayan sujada. A ganinta babu wata tambaya. "Addu'ar me kuma za ki daɗe kina yi?" in ji ta. "Ke ma kin san wanda ya zo. Kada ki je ki kunyata ni."

Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. In na kira sunansa, mai yiwuwa ya yi daidai, a ɗaura aure, kowa ya huta. Amma a gaban bayin Allah zan tsaya in ce Ubangiji ne ya sa min sunan, alhali na san ƙarya nake. In kuma na kira Malam ya zama ba shi ne ya zo ba, na tona cikina a gaban manya a banza, na kuma kori wanda ya zo. Na yi azumi har siket ya fara zame min. Duk lokacin da na durƙusa, suna ɗaya ne yake zuwa, ban kuma san ko Allah ne ke magana ko son zuciyata ba. Ranar Lahadi in tsura wa Malam ido ko zan ga wata alama. Shi ko a jikinsa, rabon lemonsa kawai yake yi.

Ranar da na koma, su uku ne a ofishin fasto: Fasto, Mama Fasto, da wani tsohon dattijon ikilisiya da muke ce wa Baba Dattijo. Ruwa yana dukan kwano, sai da na ɗaga murya kafin su ji. Na faɗi sunan Malam.

Mama Fasto ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zaninta. Fasto ya yi gyaran murya ya ce, "Mun ji, 'yata. Ba shi ne ya zo ba. An rufe maganar."

Ban san yadda na isa gida ba, na dai san ban buɗe lema ba. Lahadin da ta biyo, mai mota ya gaishe da mamata daga nesa ya ja motarsa, ta kuwa gane. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. A coci ba wanda ya ce min komai, amma in na shigo hira takan canza. Abin da ya fi ci min rai shi ne mutum uku suna yawo da sirrina a cikinsu, shi kuwa mai sunan bai san an yi ba.

Ban daina ziyara ba, don in na daina kowa zai haɗa lissafi. Wata Lahadi muna jiran keke mai ƙafa uku a ƙofar asibiti, sauran sun yi gaba, Malam ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "An mai da ni wata makaranta can bayan Garaku. In an ba da hutu zan kwashe kayana. Na ji kwamiti ya kira ki. Allah ya sa albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Ashe shi ma ya ɗauka na zama ta mai mota. In na faɗa masa abin da ya faru a ɗakin, horo ne, bencin baya, a cire ni daga mawaƙa, a ce mace ta nemi namiji. In na yi shiru, ya tafi ke nan. Na ce, "Malam, an rufe maganar." Iya abin da na iya ke nan, shi ɗin ma ban tabbata ban ƙetare iyaka ba.

Ya ce, "To."

To! Keke ya zo, ya biya wa kansa ya biya min, bai ƙara ko tari ba. Da ina da almakashina a hannu ranar, da farin wandon nan ya gane kurensa.

Yara suka fara jarrabawa, hutu ya matso, shiru. Sai ga saƙo daga Mama Fasto, kwamiti na nemana. Na tafi ina tsammanin horo ne, wani ya ji mu a ƙofar asibiti. Amma Fasto ya ce wani ɗan'uwa ya zo a kaina, in je in yi addu'a.

Na ce, "Baba, na riga na yi. Ba ni da wata sabuwa."

Baba Dattijo ya ɗaga hannu. "Yi a hankali, 'yata. Samari suna da yawa a ikilisiyar nan. In kika sake faɗa bai yi daidai ba, ba ma saurin kiran mace karo na uku. Je ki gida ki yi tunani."

Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ban samu komai ba, tsofaffin nan sun iya aikinsu. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri da ni. Sunan da na faɗa wancan karon, shi ne dai. In ba shi ba ne, kada ku ƙara wahalar da kanku a kaina, zan zauna da ɗinkina."

Fasto ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ina jin kamar in fizge shi daga fuskarsa. Sannan ya ce, "Ki gaya wa mamanki ta share tsakar gida. Mutanen Garaku za su zo gaisuwa."

Da na fito, Malam yana tsaye a bakin get ɗin coci cikin rana, rigarsa sharkaf da gumi. Sai a lokacin na tuna shi ma bai san sunan da zan kira ba. Yana kallon fuskata yana neman amsa, ni kuma hawaye sun hana ta nuna komai. Na ce, "Malam, ka ba ni wahala."

Sai ya zauna daɓas a ƙasa, cikin jar lakar bakin get, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Na tsaya a kansa ina tare masa rana har ya gama.