Gidan da ke Shiga Kwalekwale

Kawu Jobbar Mridha, yayan mahaifiyata, kafinta ne a tsibirinmu na Bhola. Sau bakwai kogin Meghna yana cinye masa fili, amma bai taɓa rasa gida ba. Da katako da kwano yake gini, yadda za a kwance shi kafin shinkafar da ke kan wuta ta nuna.

Da na dawo daga birnin Barishal da takardar karatun gine-gine, na ce masa, "Kawu, wannan ai akurkin kaji ne."

"To, Injiniya, nuna mana na mutane," in ji shi.

Na gina nawa da bulo da rodi, daf da ruwa, don masu wucewa a jirgi su gani. Guguwa biyu suka zo, ko tsagewa bai yi ba. Na riƙa tafiya ina hura hanci.

A damina ta huɗu kogi ya fara cin gaɓa. Da hantsi Kawu ya kwance gidansa ya loda a kwalekwale, har da awaki. Ni da matata Shefali muka shiga kwalekwalen, muka zauna a kan ƙyauren gidan nasa. Muna kallo ƙasa ta zame, gidana ya nutse ɗungurungum, a miƙe.

Kawu ya jinjina kai. "Kai, ɗana, ka iya aiki. Ko bulo ɗaya bai rabu da ɗan'uwansa ba."

Shefali ta yi dariya har da hawaye. Shekara shida ke nan ina riƙe masa katako yana yankawa, kuma har yau yana cewa hannuna rawa yake yi.