Surukin da Ya Tsaya a Bayan Kujera

Ranar da aka kawo Malam Buba ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina malamin jinya a wani ƙaramin asibiti a yankin Bagudo, likita na zuwa mana ranar kasuwa kawai. Aikina in soki yatsan mai ciwon suga in auna, in shigar da shi wajen likita, in yi tafinta idan Bafulatani ne.

Malam Buba dattijon makiyayi ne daga wajen Kurgu. 'Ya'yansa sun ƙetara da shanu Benin neman kiwo, suka bar shi gidan Sanda, mijin 'yarsa. Ƙwayar da yake sha mai sauke suga ce, kuma sai da abinci. Idan ciki ba komai, ita ce za ta kayar da mutum.

Wata ranar kasuwa Sanda ya rako shi awo. Likita ya yi tambaya yadda ya kamata, wallahi. "Baba, kana cin abinci sosai?"

Sanda na tsaye a bayan kujerarsa. Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdulillahi."

"Jiri fa? Zufa, rawar jiki? In akwai, sai in rage maka maganin."

"Lahiya lau, likita."

Awon ma bai nuna komai ba, ashe ya sha fura a kasuwa. Likita ya ce a ci gaba yadda ake.

Kasuwa ba ta zagayo ba aka dawo da shi a kan babur, ya jiƙe sharkaf da zufa, ba ya motsi. Muka ɗaura masa ruwan suga. Ina! An makara.

'Yarsa ce ta gaya mana. Tun zuwansa gidan, kwanon tuwo yadda ta kai haka yake dawowa, sai ɗan gefe da ya taɓa. Wai ya cika ciki a gidan suruki? Ƙwaya kuwa bai taɓa tsallakewa ba. Kuma ta yaya zai ce wa likita ba ya ci, Sanda na ji, a ce suruki na barinsa da yunwa?

Sanda ya zauna a ƙasa yana kuka. "Malam, da ya faɗa, da na bar mishi gidan."

Har yau abin na ƙona mini rai. Ku yaran yanzu masu aikin jinya, mutanenmu sun fi tsoron kunya a kan mutuwa. Kafin likita ya tambayi dattijo abin da yake ci, ku fitar da ɗan rakiya waje, ko da zai yi fushi.