Rigar da Na Ɗinka wa Jakar Uwaisu

Ina kan keken ɗinki bayan la'asar, ranar wata Talata, Jinjiri ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar shagona a Safana. Bai kashe babur ba, bai yi sallama ba. Ya ce, "Tayyib, abokin nan naka mai doguwar jaka, hanyar Wagini ya bi ɗazu?" Na ce ita ya bi. Sai ya sunkuyar da kai yana salati. Ƙafata na kan keken, na kasa ɗauke ta.

Uwaisu abokina ne tun muna 'yan shekara bakwai a Wagini. Da an gama girbi, sai mu sami sanda mai lanƙwasa mu yi ta bugun ƙodagon goruba a gonaki. Mu bugu kawai muke yi. Shi kuwa sai ya nuna kututture can nesa ya ce, "Gindin wancan," ƙodagon kuma ya je ya kwanta a wurin.

Shekarar da ɓarayin daji suka kore shanun mahaifinsa, Malam Mansur, Uwaisu ya tafi cin rani Kaduna, ni kuma muka dawo Safana da iyalinmu. Can ya sami aikin ɗaukar wa manya jaka a filin ƙwallon lambu, wasan da masu shi ke kira golf. Ranar da manya ba sa zuwa, akan bar masu ɗaukar jaka su taɓa. Wani bature ɗan Denmark mai aikin rijiyar burtsatse ya ga bugunsa sau ɗaya, da zai koma ƙasarsu ya bar masa tsofaffin sandunansa.

Shekara huɗu yana shiga gasar 'yan sha'awa. Ya bayyana mini cewa su ba a biyansu, sai dai kyauta. Ya ci kofi, ya ci fanka har uku, ga Wagini babu wuta. Nakan ce masa, "Sarkin fanka, yaushe za ka ci abin da ake ci?" Ya ce, "Kai dai ci gaba da karkata wa mutane wuyan riga." Bana ya shiga gwajin ƙwararru, kwana huɗu ana bugawa, ya fito na uku. Wasan ya zama sana'arsa. Da ya kira ni yana kuka, ni ma na yi.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Malam Mansur bai taɓa yarda ba. In an tambaye shi aikin ɗansa, sai ya ce, "Dako yake yi wa masu kuɗi." Ga shi cutar yana ta riga ta rufe wa tsohon ido ɗaya, ta fara cin na biyun. Uwaisu ya ce mini, "Kafin idon nan ya tafi, sai Baba ya ga na buga ƙwallo ɗaya a gonarsa. Ɗaya tak."

Na ce ya bari hanya ta lafa. Ya ce idon ba zai jira hanya ba.

Wanda ya daɗe a birni bai san yadda muke zaune yanzu ba. In aka ji ƙarar babur daga yamma, mata kan janye yara cikin gida. Kowane ƙauye ya sa samarinsa gadi a bakin gari da bindigogin gargajiya, mafi yawansu ba su ƙoshi da barci ba tun damina. Kwana biyar kafin zuwan Uwaisu, an shiga wani ƙauye a kan hanyar, aka tafi da mutum tara.

Ya sauka a tashar Safana da hantsi, da jakarsa ja da fari, kawunan sandunan suna ƙyalli. Duk tashar ta juyo tana kallo. Wani dattijo da ban sani ba ya bi mu da ido har muka sha kwana. Na ce a raina, duk wanda ya ga jakar nan zai ce ɗan mai kuɗi ne, kafin ya kai rabin hanya labari ya isa daji.

Ni tela ne, abin da na iya shi na yi. Ina da ragowar wani yadi mai kauri, ruwan ƙasa mai duhu. Na auna jakar, na ɗinka mata riga daga sama har ƙasa, na sa mata igiyar ratayawa a baya. Na kuma ce masa kada ya tsaya wa kowa a hanya, ko wa ya ɗaga masa hannu. Na ba shi babur ɗina da rawanin rufe fuska saboda ƙura.

Ɓarayi nake tunani. Ban tuna da masu gadi ba. Ni da na san yadda mutanen daji ke naɗe bindigoginsu a tsumma su rataya a baya, ni na ɗinka irinsa da hannuna.

Samarin da ke gadin ƙauyen da aka shiga suka hango babur a guje, mutum fuska a rufe, da dogon abu mai duhu a bayansa. Suka ɗaga masa hannu. Bai tsaya ba, kamar yadda na gaya masa, sai ɗayansu ya harbe shi. Da suka farke ɗinkin, sanduna goma sha huɗu suka gani, da fararen ƙwallaye, da yadin shadda da ya sayo wa babansa. An ce wanda ya yi harbin ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Ƙanensa na cikin mutum taran.

Washegari muka binne Uwaisu a Wagini. Yana da shekara ashirin da shida. A wurin zaman makoki Malam Mansur ya sa aka kawo masa sandunan, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya kai ɗaya kusa da idonsa. Ya tambaye ni, "Ɗana, da gaske ya iya?" Na ce, "Baba, a ƙasar nan kaf waɗanda suka fi shi kaɗan ne." Bai tambaye ni wanda ya yi ɗinkin ba. Na gaya masa da kaina. Ya ce kwana ne ya ƙare. Na san haka ne, amma har yau ban koma kan keken ba.

Allah Ya jiƙanka, Uwaisu, Ya sa ka huta.

Da zai tafi ranar, bayan azahar, na riƙe kan babur ɗin na ce, "Ka kwana mana, gobe ka bi 'yan kasuwa."

Ya ce, "Gobe da safe nake so mu fita gona, lokacin Baba ya fi gani."

Ya gyara igiyar a kafaɗa, ya waiga ya dubi jakar. "Tayyib, ko wannan ma sai da ka karkata ta."

"Kyauta ce, malam ƙwararre. In ka isa ka kira ni."

"In na sami sabis. Ragowar yadin nan kada ka ba kowa, ka yi mini 'yar jakar zuba ƙwallaye."

Na ce, "Kafin ka dawo na gama."