Koci Tak Sunok, Mai Tsaron Baya

Kafin kowa ya buɗe ƙofa a Solgol, Koci Tak Sunok ta riga ta ɗora buta a kan wuta a zauren wasannin makarantar firamare. Ba don shayi ba. Ƙwallayen badminton take turarawa, ɗaya bayan ɗaya, don gashin tsuntsun da ke jikinsu ya sha laima, kada sanyin tsaunukan nan ya sa su karye da bugu biyu. Tana turarawa tana goge fili da tsumma a ƙarƙashin ƙafa, tana kuma gatsar shinkafar da ta naɗo a ganye tun daga gida. Ni da nake koyarwa a makarantar nan tun kaina yana baƙi wuluk, ban taɓa ganin matar nan ta ci abinci a zaune ba. Akwai kujera a ofishinta, amma raket ne suke hutawa a kai.

Gari na fara wayewa tsofaffi za su shigo, Shugaba Gye Dalsu a gaba. Manomin tafarnuwa ne, shi ne kuma shugaban ƙungiyar tsofaffi masu wasan asuba, muƙamin da ya fi ƙauna fiye da gonarsa.

"Koci, ki ɗan zauna mana! Kallonki kaɗai jiri yake sa mu," in ji shi, kusan kullum.

"Shugaba, jirin nan daga tumbinka yake. Ɗaga raket."

Da ta sallame su sai ta faɗa tsohuwar motarta, ta bi kwaruruka tana kwaso yara. Waɗannan yaran su ne suka riƙe makarantar a buɗe, kowa ya san haka. Samari da 'yan matan Solgol sun daɗe da watsewa birane, sun bar mana gonaki da tsofaffi. 'Yan yaran da suka rage a ƙauyukan kewaye, saboda badminton ɗin Koci Tak iyayensu suke turo su nan. Ranar da wasan ya mutu za su kwashe 'ya'yansu zuwa babban gari, hukuma kuma ta sa wa ƙofarmu kwaɗo, kamar yadda ta sa wa makarantun da ke bayan tsauni. To, bana shekarun ajiye aiki suka cim ma Sunok, kafaɗarta ta dama kuma ta daina ɗaguwa ta wuce kunne. An yi cigiyar wanda zai gaje ta har an gaji. Babu matashin kocin da yake son garin da motar haya ta ƙarshe ke barinsa tun rana ba ta faɗi ba.

Yaran yanzu ba su san wace ce take dafa musu dankali bayan atisaye ba. Mu mun sani. A zamanin da take budurwa, in aka ce Bong Mira, ƙasar nan kaf ta san ta: gwanar wasan bibbiyu, mai tsayawa a gindin raga, mai hannu kamar na mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wadda take bayanta tana tsalle tana narka ƙwallo, tana gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan don Mira ta samu ta ƙarasa da ɗan taɓi, ita ce Tak Sunok. Sun ɗauko kofuna a gida da waje. Masu hoto kuwa a gefen raga suke tsugunawa, shi ya sa a yawancin hotunan Mira ce ke murmushi, Sunok kuma gwiwar hannunta kawai ake gani.

A wasan bibbiyu akwai dokar da ake koya wa yaro tun ran farko: na gaba ba ya waiwaya. In ka waiwaya, ƙwallon abokinka zai iya fasa maka ido. Sai dai ka tsare raga, ka yarda akwai mutum a bayanka, ka san shi da kunne, da ƙarar takalminsa da ƙarar bugunsa. Mira ta riƙe wannan doka da kyau. Shekarun da suka yi tare, ba ta taɓa ganin Sunok tana wasa ba sai a talabijin.

Da babbar gasar duniya ta matso, masu horarwa suka ce kafaɗar Sunok ta fara ƙara, suka haɗa Mira da wata doguwar yarinya. Da wata ce, da ta tattara jakarta ta tafi gida, ba wanda zai ga laifinta. Sunok ta zauna a sansanin horo. Ta tsallaka ɗaya gefen ragar, ta shafe damina guda tana narka wa Mira ƙwallo safe da yamma, don kada wani bugu ya zo mata baƙo a ranar gasa. Mira ta dawo da lambar zinare. Sunok ta kalli wasan a ɗakin cin abincin sansani, a tsaye, kafaɗarta a naɗe da ƙanƙara. Bayan nan ba ta ƙara buga gasa ba, ta nemi aikin makaranta, aka jefo ta Solgol.

Ke ce kika zo mana da jaka ɗaya da raga a kafaɗa, Sunok, kika tarar da zaure cike da buhunan taki. Ke ce kike bin manyan kulob na birni kina roƙon ƙwallayen da suka zubar, ki dawo ki cire lafiyayyen gashi daga wannan ki dasa wa wancan. Shekarar da wata yarinya ta waiwaya ƙwallo ya same ta a gefen ido, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, mutanen kwari sun gan ki kin goya ta kina ratsa gonaki zuwa asibiti, kina yi mata faɗa kina kuka. Idon ya tsira. Yarinyar ita ce yanzu take sayar mana da magani, har yau kuma in ta ji muryarki sai ta miƙe tsaye. Ba ki taɓa rataya lambar yabo ko ɗaya a bango ba. Ni na sha jin haushin wannan, na kuma gaya miki.

Sunok ba ta iya roƙo don kanta ba, amma da kakar bana ta kama, babu koci babu alamarsa, sai ta kira Mira. Mira ta daɗe da ajiye raket, ta yi horarwa a kulob ɗin wani babban kamfani, ta yi sharhi a talabijin, yanzu tana Seoul tana kiwon furanni a baranda. Shugaba Gye ya ji wayar, don ya laɓe a bayan motar yana yin kamar yana duba taya. Ya ce Koci tana magana tana zagaya bishiyar da ke bakin zaure, har sai da ta tattake ciyawar wurin.

"Mira, ni ce. Ina da yara, ba ni da wanda zan bar wa."

"Onni!" Haka take kiranta har yau, wato yaya. "Solgol fa kika ce? A can ko wurin shan kofi akwai?"

"Akwai buta."

"Onni, kin san gwiwoyina. Bari dai in duba."

Kowa ya san abin da mutumin Seoul yake nufi in ya ce bari ya duba. Daga ranar Sunok ta ƙara rikicewa. Ta yi wa layukan fili sabon fenti alhali na da bai koɗe ba. Ta sauke raga ta wanke ta mayar. Ta tsaya a titi tana kallon kowace mota da ta kwano, in mun tambaye ta ta ce iska take sha. Mu ma ta hana mu sukuni, don duk wanda ya gan ta sai ya tuna da kwaɗon nan.

Ranar bikin sallamar Koci zauren ya cika. Tsofaffin ɗalibai sun zo da 'ya'yansu, mata sun yi wainar shinkafa, Shugaba ya sa kwat ya yi jawabin da ya kusa kashe mu. An kawo kujera mai laushi an ajiye wa Koci a gaba, ita kuwa tana can baya tana jera takalman baƙi. Ana cikin haka wata baƙar mota ta tsaya. Bong Mira ta fito da furanni a hannu da takalmi mai tsini, zauren ya ɗauki sowa. Ta rungume Sunok, ta faɗa mata a hankali, amma mu na kusa mun ji:

"Onni, biki na zo. Da yamma zan koma, kada ki sa rai."

"Na ji. Cire takalman nan, za ki huda mini fili."

Shugaba ne ya tada rigimar cewa sai sun buga, ko da ɗan kaɗan, yara su gani. Aka nemo wa Mira takalmin aro. 'Yan mata biyu na babban aji suka tsaya a ɗaya gefen. Ba wanda ya ce wa kowa ga inda zai tsaya. Mira ta nufi gindin raga, Sunok ta ja baya, kamar jiya suka rabu.

Hannun Mira yana nan. Ta taɓa ƙwallo sau biyu ya gangara ta kan raga, yaran suka bi shi da ido. Can ɗaya daga cikin 'yan matan, don ta ceci kanta, ta ɗaga ƙwallon sama sosai, ya tafi baya. Mira ta sunkuyar da kai, ta ɗaga raket, tana jiran ƙarar nan da ta sani, wadda take wucewa ta saman kanta ta tsaga fili. Ta ji takalmi ya ruga. Ta ji ya tsaya. Ƙarar ba ta zo ba. Abin da ya zo ɗan bugu ne daga ƙasa, mara ƙarfi, ƙwallon ya yi lilo ya faɗa cikin raga.

Sai Bong Mira ta waiwaya.

"Ke! Idonki gaba!" Sunok ta daka mata tsawa, irin wadda take daka wa 'yan aji ɗaya. "Ba a waiwaya!"

Mira ba ta juya ba. Ta tsaya tana kallon hannun da ya maƙale a daidai kunne, da ɗaya hannun da ya tallafe shi.

"Onni, ɗaga shi in gani."

"Iyakarsa ke nan."

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe yana raguwa. Daminar nan ta sansani ce ta fara cinye shi. Ɗauko ƙwallo, yara na jira."

"Me ya sa ba ki gaya mini a waya ba?"

"Koci na ce ina nema, ba mai jaje ba."

Mira ta ajiye raket. Ta ba raga baya, ta durƙusa da gwiwoyin nan da take kuka da su, ta kai goshinta ƙasa a gaban Sunok, irin gaisuwar da muke yi wa iyaye ranar sabuwar shekara. Sunok ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi gaba, ta yi baya, ta kama Mira tana ja tana cewa ta tashi, filin da sanyi, mutane na kallo. Ni dai na yi kuka, ban kuma ɓoye ba.

Da Mira ta miƙe ta share fuska, sai ta ɗauki raket ta wuce Sunok, ta je can layin baya ta tsaya.

"Wuce gaba, Onni. Gindin raga ba ya son ɗaga hannu."

"Ke ba ki iya baya ba. Ko sau ɗaya ba ki taɓa tsare shi ba."

"Sai ki koya mini. Da ƙarfe nawa ake ɗora butar?"

Ba ta koma Seoul da yammar ba. Ta koma daga baya ta kwaso kayanta da tukwanen furanninta, yanzu tana haya a ɗakin da ke bayan gidan Shugaba, tana ƙorafin warin tafarnuwa. Ita take tuƙa tsohuwar motar, tana ɓata a kwaruruka, yara na nuna mata hanya. Iyaye sun sake rubuta 'ya'yansu na baɗi. Ƙofar makarantarmu a buɗe take.

Mun gode, Tak Sunok, mai tsaron baya. Mun gode da kafaɗar da kika ƙarar a kan zinaren wata, da shekarun da kika ƙarar a kan 'ya'yan da ba ke kika haifa ba. Kin ajiye aiki a takarda, amma duk asuba muna ganin hayaƙin butarki, muna kuma jin Mira tana ihu, "Onni, zauna!" An ce shekaranjiya kin zauna a bakin kujerar nan har kin sha rabin kofin shayi, ko da yake shaidar Shugaba ce, ban rantse a kanta ba.

Ku matasan da kuka iya wasan nan kuke jiran babban kamfani ya kira ku, akwai zauruka a bayan tsaunuka da suke jiran mai ɗora buta. Ku kuma da kuke gindin raga a kowace sana'a, masu hoto na haska ku, na san an hana ku waiwaya ana cikin wasa. Amma in an tashi, ku juya ku dubi wanda yake bayanku tun hannunsa yana ɗaguwa.