Rawar Lung Sanit

Lung Sanit ya yi shekara arba'in yana kai wa baƙi abinci a wani tsohon otal da ke bakin teku a nan Hua Hin, kuma babban abin alfaharinsa shi ne ba wanda ya taɓa ganin ya yi gudu. An taɓa yin liyafa a filin otal ɗin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, manyan mutane suka watse riƙe da takalmansu a hannu, shi kuwa ya bi bayansu a hankali da tiren shayi. Kowane dattijo a garin nan Lung muke ce masa, wato kawu, amma nasa sai an ɗan rusuna ake faɗa.

Iyayensa da kakanninsa masunta ne. A zamanin kakansa garin bukkoki ne da ƙarnin kifi, har aka shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa daga Bangkok. 'Ya'yan sarauta suka fara zuwa shan iska, masu kuɗi suka biyo su, sannan waɗanda ke so a zaci masu kuɗi ne. Sanit ya bi mahaifinsa teku yana saurayi, ya yi ta amai tun daga barin gaɓa har dawowa, uban ya ce wannan ɗan na tudu ne. Aka sama masa aiki a otal, aka ba shi farar riga mai maɓallan tagulla. Daga nan ko tafin ƙafarsa bai ƙara sawa a ruwan teku ba.

Da ya yi ritaya sai ya koma rumfar matarsa, Pa Lamyai (Pa wato goggo, yadda muke kiran dattijuwa), mai dafa ƙaguwa da jatan lande a bakin rairayi. Yakan kafa kujerarsa, gashi a kwance ya sha mai, yana yi wa masu jiran abinci bayanin garin ko ba su tambaya ba. A wurinsa baƙi iri biyu ne. Akwai mutanen Bangkok, masu shan cunkoson mota rabin yini, su iso su shige ƙarƙashin lema da riguna masu dogon hannu, su ci ƙaguwa har yamma, su koma ba su jiƙa ko yatsa ba. Akwai kuma Turawa, masu kwanciya a rana suna juya kansu da kansu, aikin da a gidajenmu sai an sa mutum yake yi wa kifi.

"Na farko sun fi hankali," in ji shi. "Na biyu kuwa, a dai riƙa yi musu uzuri."

Bara, wajen ƙarshen damina, zuciyarsa ta kai shi asibiti, aka ce sai an yi aiki. Ranar aikin Pa Lamyai ta kasa zama a bakin ƙofa, ta hau babur sai wurin Kakan Dutse, aljanin da ake cewa yana zaune a wani ɗan ɗaki ja da ke kan duwatsu a ƙarshen rairayi, wanda masunta ke gaisarwa kafin su fita. Mai buƙata yakan je ya kunna turare ya yi bakance: in ka yi mini kaza, zan kawo maka kaza. Yawanci dafaffen ƙwai ne, ko kan alade, ko a ɗauko 'yan rawa su yi masa wasa. Pa Lamyai ta tarar da ƙwai jibge a gabansa tire-tire, ta ce a ranta wanda ke karyawa da ƙwai kullum ba zai tashi tsaye don ƙwai ba. Sai ta yi alkawarin abin da ta tabbata Kaka bai taɓa gani ba. In mijinta ya tashi, shi da kansa zai zo ya yi rawa, da kayan rawa, da hular 'yan rawa mai tsini, kafin bikin watsa ruwa na sabuwar shekara.

Ya tashi. Ba ta gaya masa ba sai da ya dawo gida, ya sami ƙarfin kushe girki. Ina wurin, don gidana na jikin nasu, kuma na kai masa romo.

"Wa zai yi rawa?" ya tambaya.

"Kai."

"Ke tsohuwa, da bakin wa aka yi alkawarin?"

"Da nawa. Naka a lokacin roba ce cushe a ciki, sai na ara maka."

"Da kin ce ƙwai!"

"Da ƙwai na ce, da yanzu tokarka muke zubawa a teku. Ka ga ka shiga ruwan ke nan ba shawara."

Ya juyo gare ni. Khru suke kirana, wato malama, don na koyar da kimiyya a sakandaren garin. "Khru, ke da kika yi jami'a, gaya wa matar nan wa ya gyara mini zuciya."

Na ce likita ne.

"Kin dai ji!"

"Wa ya riƙe wa likitan hannu?" in ji Pa Lamyai.

"To a kai likitan ya yi rawar!"

Da ya ga faɗa ba zai fisshe shi ba sai ya koma ciniki. Ya je wurin Urai, uwar 'yan rawar da ake haya don Kaka, ya ce 'yan matanta su yi a madadinsa, a ƙara musu makaɗa. Urai ta ce, "Lung, ni ba ni da ta cewa, ba ni aka yi wa alkawari ba. Tambayi mai shi."

Tambayar Kaka ba wuya. A gabansa akwai 'yan katakai biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne gefe ɗaya shafaffe, ɗaya mai tudu. Ka faɗi maganarka ka jefa su ƙasa. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, ya yarda. In duka suka kife, ya ƙi. In duka suka buɗe, dariya yake maka. Lung Sanit ya gyara wuyan rigarsa, ya gabatar da batun 'yan mata cikin ladabin da ya saba yi wa manyan baƙi, ya jefa. Duka suka buɗe. Ya ƙara kan alade a kan tayin, ya jefa. Duka suka buɗe. Ya ce daɓen wurin bai daidaita ba, ya matsa gefe, ya sake.

"Lung, bari haka nan," in ji Urai. "Kar ka sa ya shaƙe."

Kafin yamma labari ya cika kasuwar kifi. In ya wuce, masunta su lanƙwasa yatsu suna karya wuya. Gari duka na dariya, ban da Pa Lamyai. Ta daina barci. Ta ce mini da ta rufe ido sai ta ji kamar numfashinsa ya tsaya, sai ta tashi zaune tana sauraro. Biri ya fizge masa tabarau, ta ce gargaɗi ne. Ya yi tari, ludayi ya faɗi daga hannunta. Zafi ya shigo, bikin ya matso, yara suka fara gwada bindigogin ruwansu a lungu, ita kuwa zaninta ya fara yi mata yawa.

Wata rana da la'asar ya zo barandata, ya ƙi zama sai da na ce ya zauna.

"Khru, tsakaninmu. Ke kin yarda da wannan abu?"

Na gaya masa lokacin da 'yata Kanda take asibiti, ni ma na hau duwatsun nan, na kunna turare, na yi nawa alkawarin. Ya tambaya me na ce zan kawo. Na ce ba shi da amfani yanzu, Kanda ba ta tashi ba, ba a neme ni in cika ba. Na ce ban san ko akwai kowa a ɗakin nan ja ba. Abin da na sani, matarsa an ba ta abin da ta roƙa, kuma tana tsoron a karɓe.

Can ya ce, "Hular nan tana da nauyi?"

Urai ta koya masa a bayan gidansu, an baza tabarmi a kan shinge. Duk sanda ya ɗaga hannu sai tafin ya baje kamar mai ɗauke da tire.

"Lung, ba miya za ka kai wa Kaka ba. Lanƙwasa yatsun!"

"Ba sa lanƙwasuwa ta can."

"To gwiwa fa?"

"Ita ma ta yi ritaya."

Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa za a yi da sanyin safiya, kafin rana ta fito sosai, lokacin da ba kowa. Urai da Pa Lamyai suka kalli juna. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a otal, inda safiya lokaci ne da ake tafiya da sanɗa kar a tashi baƙi. Ya manta garin da aka haife shi. Da sanyin safiya jiragen kamun kifi ke dawowa, kuma a gindin duwatsun nan suke sauke kaya. Lokacin ne masu sarin kifi ke jira da kwandunansu, sufaye ke bin bakin ruwa suna karɓar sadaka da ƙoƙunansu, mutanen Bangkok na durƙushe a rairayi suna zuba musu shinkafa, tsofaffin Turawa na yawo da karnuka.

Ya fito daga bayan motar Urai fuska fara fat da hoda, leɓe ja, zani mai ƙyalli, hula mai tsini ruwan zinariya. Ya ɗaga kai ya ga rabin gari. Jiragen suka kashe injina ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon masunci sa'ansa, Prayat, ya sa hannu a baki daga cikin jirgi.

"Sanit! Ashe kana da ƙanwa kyakkyawa haka ka ɓoye mana? An yi mata miji?"

Motar na nan bayansa, ƙofa a buɗe. Ya dube ta. Ya dubi Pa Lamyai, tana durƙushe gaban Kaka da turare a hannu, ido a rufe, ba ta ma san da mutanen ba. Ya ce wa mai ganga, "Fara. Amma a hankali."

Gaskiya ita ce bai iya ba. Ƙafarsa na sauka bayan kiɗa ya wuce, hannun hagu bai san abin da na dama ke ciki ba, hular ta zamo ta rufe masa ido ɗaya. Sau da yawa na ji ƙarar gwiwarsa daga inda nake tsaye. Amma bai tsallake ko taku ɗaya cikin abin da aka koya masa ba, fuskarsa kuma ba alamar wasa. Dariyar ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Sai a ƙarshe ta dawo, da ya durƙusa ya yi gaisuwa ya kasa tashi, Prayat ya hauro da takalmin robarsa ya kama shi ta hammata.

"Sake ni, kana warin kifi."

"Ke kuma ƙamshi kike, 'yammata."

Pa Lamyai ta ɗauki katakan nan, ta jefa. Ɗaya ya kife, ɗaya ya buɗe.

Da muka koma rumfa ta ce bari ta ɗan miƙe ƙafa. Ta zauna a kujera, kanta ya jingina da ginshiƙi, bakinta ya buɗe. Lung Sanit ya cire hular da zanin, amma hodar da jan bakin suka ƙi fita da ruwa, Urai kuma ta tafi. Na ce Pa Lamyai za ta san abin da ke goge su, bari in tashe ta. Ya tare ni da hannu.

Baƙi suka fara cika kujerun ƙarƙashin lema. Wata mata 'yar Bangkok ta leƙo rumfar, ta ga farar fuska da jan leɓe a bakin murhu, ta ce, "Pa, akwai ƙaguwa?"

Ya ɗora yatsa a leɓensa, ya nuna mata mai barcin, ya ce ta je ta zauna za a kawo mata. Sannan ya matso kusa da kunnena ya tambaya, ƙaguwa da ranta ake sa ta a tukunya, ko sai an kashe?